Neman shawara: ziyarar ƙauyukan kan duwatsu a arewacin Tailan da tafiya ta Kogin Mekong

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da niyyar zuwa arewacin Tailan a ƙarshen shekarar nan idan Allah Ya kai mu, kuma ba manyan birane ko bakin teku ne suka ja hankalina ba. Burina shi ne in ziyarci ƙauyukan ƙabilun da ke zaune a kan duwatsu, daga nan in gangara inda iyakokin Tailan da Lawos da Miyanma suka haɗu a gaɓar Kogin Mekong. Tsarin da na yi a raina shi ne in fara da Chiang Mai, in wuce Chiang Rai, in ƙetare zuwa Lawos in shiga jirgin ruwa har Luang Prabang, sannan in komo Tailan in hau jirgin gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da na sha karantawa cewa wasu daga cikin ƙauyukan ba garuruwan mutane ba ne na asali, wurare ne da 'yan kasuwa suka kafa domin baƙi su biya kuɗi su ɗauki hoto, musamman na matan nan masu zoben tagulla a wuya. Ba na son in kashe kuɗina a abin da zai ƙara wa wani ƙasƙanci, amma kuma ina tsoron kada ƙin zuwan ya zama hana su abincinsu. Bayan wannan, ina so in san halin da ake ciki game da tsaro da takardu a bakin iyakar, da yadda Musulmi zai yi da abinci da salla a ƙauyen da babu Musulmi ko ɗaya. Duk wanda ya san wurin ya taimaka mini da shawara, Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Matafiyi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai, domin daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne ruwa yake ɗaukewa kuma sararin sama yake washewa. Daga ƙarshen Fabrairu har Afrilu ana ƙona gonaki da daji a faɗin yankin, hayaƙi ya rufe duwatsun har numfashi ya yi wa mai asma wuya, da damina kuwa hanyoyin ƙafa suna santsi, matsattsaku suna yawa, kuma ambaliya takan yi ɓarna kamar yadda ta yi wa Chiang Rai da garin Mae Sai na bakin iyakar Miyanma a Satumbar 2024. Sai dai ka riƙe rigar sanyi mai kauri, saboda a Disamba da Janairu sanyin kan tudu da dare ba wasa ba ne, har raɓa takan daskare a ƙololuwar Doi Inthanon mai tsayin mita 2,565.

Kafin ka zaɓi ƙauye ya kamata ka san cewa mutanen nan ba al'umma ɗaya ba ne, kuma ba sa jin harshen juna. Karen su ne suka fi yawa kuma suna daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a wurin, sun fi zama a kwari da gindin duwatsu, suna noman shinkafa a gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tudu. Hmong da Mien asalinsu daga kudancin Sin ne, yawancinsu ta Lawos suka shigo. Akha da Lahu da Lisu kuwa ta Miyanma suka biyo daga wajen lardin Yunnan na Sin, akasari daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa cikin ƙarni na 20, kuma sun fi hawa can sama. Ko ginin ɗaki ya bambanta: Karen da Lahu suna ɗora nasu a kan dirkoki, dabbobi na kwana a ƙasa, Hmong kuwa a kan ƙasa suke ginawa. Ta fuskar addini ma za ka tarar da masu bautar kakanni da iskoki, da mabiya addinin Buddha, da Kiristoci masu yawa musamman a cikin Karen da Lahu.

Shawarata ita ce ka guji fakitin yini ɗaya da ake tallatawa da alkawarin nuna maka ƙabilu biyar kafin la'asar. Abin da za ka gani a nan layin rumfuna ne da mata a zaune suna jiran motar baƙi ta gaba. Nemi ɗan jagora mai lasisi wanda shi kansa ɗan ƙabilar ne ko kuwa yana jin harshenta, ka tambaye shi gaba da gaba nawa ne rabon gidan da za ka kwana, kuma mutum nawa ne a ayarin. Idan ya fara kame-kame a kan tambayar farko, ka nemi wani. Ayarin da ya wuce mutum shida ko bakwai yakan cika ƙauyen da hayaniya, ba ka samun zama da kowa.

A ƙauyen Akha da ke riƙe da al'adar gargajiya, abin da zai fara tarbarka shi ne ƙofar katako a kan hanya, da sassaƙen namiji da mace a gefenta. Wannan ƙofa ce ke raba duniyar mutane da ta iskokin daji a wurinsu, kowace shekara ake sabunta ta, kuma ba a taɓa ta ko a jingina da ita don hoto. Haka ma babban lilon da suke kafawa domin bikin da ake yi wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ba abin hawa ba ne a sauran kwanakin shekara. Idan ka ga wata alama mai kama da tauraro da aka saƙa da tsagin gora an kafa a bakin hanya ko ƙofar gida, ma'anarta ana wani al'amari a ciki, ba a son baƙo, sai ka tambayi jagoranka kafin ka ɗaga ƙafa. Cikin ɗakin kansa an raba shi biyu, ɓangaren maza da na mata, ga wurin tunawa da kakanni wanda ba a sa masa hannu. Daren da na kwana a irin wannan gida, murhu ne a tsakar ɗaki, hayaƙi ya mayar da rufin baƙi ƙirin, masara na rataye a sama tana bushewa, uwar gidan kuma tana zaune da hularta mai nauyi da aka jera wa tsofaffin kuɗin azurfa tana ɗinki da hasken tocila, ba ta ko ɗaga kai domin mu ba. Wannan rashin kulawar shi ne ya tabbatar mini da cewa gida na shigo, ba wurin wasa ba.

Kada ka raba wa yara alewa ko kuɗi, domin abin da hakan ya haifar a ƙauyukan da baƙi suka fi zuwa shi ne bara. Idan kana son ka bar wani abu, sayi saƙa daga hannun wadda ta saƙa, kuma kada ka matsa mata da ciniki.

Malama Mai Nazari ta amsa:

Na yarda da kusan duk abin da Malam ya faɗa, amma ina ganin tambayar matan masu zobe tana bukatar a tsaya a kanta, domin amsarta ba ta da sauƙi kamar "je" ko "kada ka je".

Mutanen nan sunansu Kayan, reshe ne na dangin Karen, kuma asalinsu jihar Kayah ce ta Miyanma. Yaƙi tsakanin sojoji da mayaƙan ƙabilu ne ya koro su zuwa lardin Mae Hong Son tun wajen ƙarshen shekarun 1980, saboda haka 'yan gudun hijira ne kafin su zama abin kallo. Abin da ke wuyansu ba zobba ne daban-daban ba, doguwar tagulla ce guda da ake naɗawa, ana farawa tun yarinya tana da kimanin shekara biyar, ana sauya ta da mai tsawo yayin da take girma. Wuyan ba ya ƙara tsawo, nauyin ne yake danne ƙasusuwan kafaɗa da haƙarƙarin sama, sai ya zama kamar ya yi tsawo. A 2008 an yi ce-ce-ku-ce sosai lokacin da aka zargi hukumomin Tailan da hana wasu 'yan Kayan takardar fita zuwa ƙasashen da suka amince su karɓe su, kuma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta soki yadda ake baje kolinsu ga baƙi. Saboda haka damuwarka, ɗan'uwa, tana da tushe.

Amma ga ɗaya gefen. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa ba ya mallakar gona, ba ya samun kowane irin aiki, kuma ba ya fita daga lardinsa sai da izini. Wannan matsala ba ta Kayan kaɗai ba ce, ta shafi dubban ɗaruruwan mutanen kan tudu, har da waɗanda aka haifa a Tailan amma ba a yi musu rajista ba. Duniya ta ɗan farga da ita a 2018, lokacin da aka ceto yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu daga kogon Tham Luang da ke Mae Sai, sai aka gano cewa uku daga cikin yaran da kocin ba su da ƙasa, aka ba su takarda bayan 'yan makonni. A Oktoban 2024 majalisar ministocin ƙasar ta amince da hanzarta daidaita matsayin mutum sama da 480,000. To, matar da take cikin wannan hali, wadda sayar da gyale da ɗan abin da ake ba ta daga kuɗin shiga su ne abincin 'ya'yanta, ƙauracewarmu ba ta 'yantar da ita.

Bambancin da nake ganin ya dace a yi shi ne tsakanin ƙauyen da mutanen suke zaune suna tafiyar da harkarsu, da filin da ɗan kasuwa ya kewaye kusa da Chiang Mai ko Chiang Rai ya kwaso mata daga ƙabilu daban-daban ya zaunar, ya sa mai karɓar ɗaruruwan baht, wato kuɗin Tailan, a ƙofa. Huay Pu Keng, da ke gaɓar Kogin Pai a Mae Hong Son inda ake shiga da kwalekwale, misali ne na kashin farko: mazauna wurin suna karɓar baƙi a gidajensu, suna koyar da saƙa da sassaƙa. Ya fi nisa, kuma hanyar da ta bi ta garin Pai tana da lanƙwasa ɗaruruwa masu sa jiri, amma ita ce zan zaɓa. Ko a can ma ka nemi izini kafin hoto, kuma kada ka nuna ɓacin rai idan ka ga budurwar da ta cire tagullar tana riƙe da wayar salula, domin ba wajibinta ba ne ta zauna yadda baƙo ya zata zai same ta.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne batun uwar gidan da ba ta ɗaga kai ba. Mai yiwuwa alamar gida na gaskiya ce, mai yiwuwa kuma gajiya ce da baƙin da ba ita ta gayyato ba, kuma ba ita ke karɓar kuɗinsu ba. Shi ya sa tambayar nan ta rabon kuɗi ta fi komai muhimmanci a wurina.

Tsohon Matafiyi ya sake amsawa:

Wannan gyara ne mai kyau, Malama, kuma ba zan yi gardama a kai ba. A gidan da nake magana a hannun mijinta jagoran ya damƙa kuɗin a gabanmu, amma ko nawa ya isa hannunta, wannan wata magana ce daban.

Mai Lura ya amsa:

Ni batun iyaka da takardu zan taɓa, domin a nan ne tsarin naka yake da rami. Ka ce za ka shiga Lawos sannan ka komo Tailan. Idan bizar da ke hannunka ta shiga sau ɗaya ce, tana mutuwa ne daga lokacin da aka buga maka hatimin fita, ko da saura kwanaki da yawa a jikinta. Ko dai ka nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, ko ka nemi izinin sake shigowa a ofishin shige da fice kafin ka fita, ko kuwa ka tsara tashinka daga Lawos. Sannan ba kowane fasfo Lawos take bai wa biza a bakin iyaka ba, kuma ƙasashen Afirka da dama suna cikin waɗanda sai sun nema tun da wuri daga ofishin jakadanci. Ka tabbatar da wannan kafin ka sayi tikiti. Tailan tana neman katin rigakafin shawara daga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take, tun Mayun 2025 kuma ana cike takardar shiga ta intanet kafin isowa, kuma tarar wuce wa'adi baht 500 ce a kowace rana har zuwa 20,000.

Mahaɗar iyakokin ukun da ka ambata, wadda ake kira Kusurwar Zinariya, tana ƙauyen Sop Ruak, inda ƙaramin Kogin Ruak ya faɗa cikin Mekong, kusa da tsohon garin Chiang Saen. Gaskiya kallon kansa ba ya cin fiye da sa'a guda: ruwa ne mai launin ƙasa, da tsinin ƙasar Miyanma a tsakiya, da katon mutum-mutumin Buddha mai ruwan zinariya, da rumfunan tsaraba. Abin da ya cancanci lokacinka shi ne gidan tarihin ofiyom, wato abin mayen da ake tatsa daga wani fure, da ke kusa, domin shi zai fahimtar da kai ƙauyukan da ka baro. Shekaru da dama furen da ake tatsar ofiyom daga gare shi ne babban amfanin gonar da mutanen kan tudu ke sayarwa, saboda ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, kuma fatake suna zuwa har gida su saya. Tailan ta haramta shi a ƙarshen shekarun 1950, amma dokar ba ta yi tasiri a duwatsu ba sai da aka samar da madadi. A 1969 Sarki Bhumibol ya kafa shirin sauya amfanin gona, a 1988 kuma mahaifiyarsa ta fara aikin Doi Tung, inda kofi da gyaɗar makadamiya suka maye gurbin furen. Mae Salong, wanda ragowar sojojin Kuomintang na Sin suka zauna a cikinsa daga 1961, yanzu da ganyen shayi aka san shi.

Kada wannan ya sa ka ɗauka cewa harkar ta mutu. Ta koma ƙwayoyin da ake haɗawa a jihar Shan ta Miyanma, shi ya sa za ka tarar da shingayen bincike a hanyar Mae Sai zuwa Chiang Rai, inda jami'ai ke shiga mota suna duba takardu da jakunkuna. Fasfonka ya kasance a jikinka, kuma kada ka riƙe wa kowa kaya komai kirkinsa. Dogayen gine-ginen da za ka hango a gaɓar Lawos daga Sop Ruak kuwa yankin kasuwanci ne na musamman da aka gina a kewayen gidan cacar Kings Romans, wanda Amurka ta sa wa mai shi takunkumi a Janairun 2018, kuma an sha ceto mutanen da aka yaudara da alkawarin aiki aka kulle su suna damfara ta intanet a can da kuma garin Myawaddy na Miyanma, daura da Mae Sot na Tailan. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da 'yan Afirka. Idan mai kwalekwale ya ce zai sauke ka a tsallake "na ɗan lokaci" ba tare da hatimi ba, ka ce masa yawo a kan ruwa ya ishe ka. Miyanma kuwa, tun juyin mulkin Fabrairun 2021 ƙa'idar gadar Mae Sai zuwa Tachileik take canzawa ga baƙi, kuma ban ga abin da za ka samu a can da ya kai haɗarin ba.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malamai, musamman batun bizar da ban yi tunaninsa ba. Na yanke shawarar barin Miyanma gaba ɗaya, kuma zan ƙara kwanaki domin Mae Hong Son kamar yadda Malama ta nuna. Saura batun abinci da salla, da kuma shi jirgin ruwan, domin na ga ana maganar mai sauri da mai tafiyar hawainiya.

Hajiya Uwar Tafiya ta amsa:

Ɗana, a birane ba za ka sha wahala ba. Akwai tsohuwar al'ummar Musulmi 'yan asalin Yunnan da ake kira Chin Haw, zuriyar fataken da suke ratsa duwatsun nan da alfadarai, kuma masallacinsu na Ban Ho yana tsakiyar Chiang Mai kusa da kasuwar dare, ga gidajen abincin halal a layin, inda za ka ci taliyar khao soi da kaza ko naman sa. Chiang Rai da Mae Sai ma suna da masallatai. A ƙauye ne sai ka yi shiri, domin alade shi ne naman girmama baƙo, kuma ko ganye aka soya mai yiwuwa da kitsensa ne. Ka gaya wa jagoranka tun ranar da kuke ciniki, ba lokacin da aka ajiye kwano a gabanka ba, ka roƙi a dafa maka shinkafa da ƙwai da ganye da man gyaɗa ko wani man tsiro a tukunya daban, ka kuma riƙe kifin gwangwani da dabino. Za a miƙo maka barasar shinkafa a matsayin maraba, sai ka sa jagoran ya bayyana cewa addini ne ya hana ka, domin mutanen da ke da nasu hane-hanen suna saurin fahimtar wannan. Wajen salla ka nemi mai gida ya nuna maka wuri, kada ka shimfiɗa darduma kusa da wurin kakanninsu.

Jirgin kuwa, daga Chiang Khong za ka ƙetare gadar abota ta huɗu da aka buɗe a Disambar 2013, a cikin motar safa domin ba a bin ta da ƙafa, ka sauka Huay Xai. Mai tafiyar hawainiya kwana biyu yake yi zuwa Luang Prabang, ana yada zango a Pakbeng. Dogon jirgin katako ne da aka jera wa tsofaffin kujerun mota, injinsa yana baya yana ruri, don haka ka je da wuri ka kama wuri a gaba. Yana tsayawa a bakin yashi inda ba ka ganin ko rufin ɗaki, sai ka ga mutane sun gangaro daga cikin kurmi da buhunan shinkafa da kaji a kwando, wani lokaci har da babur ake cicciɓowa. Mai saurin yana yin tafiyar a yini ɗaya, amma ƙaramin kwalekwale ne da ake zama a tsugune da hular kwano, kuma da rani duwatsu suna fitowa a tsakiyar ruwan, ya sha yin haɗari. Ni ba zan sa ɗana a cikinsa ba.

Ka sayi abincinka da ruwan sha kafin ku tashi, ka canji kip, wato kuɗin Lawos, a Huay Xai, ka kuma riƙe maganin shafawa na sauro saboda zazzaɓin dengi. Tashar da jirgin ke tsayawa tana wajen gari da kimanin kilomita 10, sai ka shiga a-daidaita-sahu zuwa cikin Luang Prabang. Idan ka ƙara sha'awar ƙauyuka a ɓangaren Lawos, Luang Namtha tana da tsarin yawon daji na Nam Ha da aka fara a 1999, wanda aka gina a kan bai wa ƙauyukan rabonsu. Amma a ko'ina cikin ƙasar kada ka sauka daga hanyar da mutane ke bi, domin bama-baman da Amurka ta zubar daga 1964 zuwa 1973, sama da tan miliyan biyu, har yanzu akwai waɗanda ba su fashe ba a cikin gonaki da dazuzzuka.